Martaninmu Ma Ya Zama Labari

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka.

A da, in labari ya fito, mutum kan ji, ya yi tsaki ko ya yi murna, ya tattauna da na kusa da shi, magana ta ƙare a nan. Yanzu kuwa abin da kowannenmu ya danna a waya da zarar ya ji labari yana haɗuwa da na miliyoyin mutane, har ya koma ya sauya labarin kansa.

A ranar 23 ga Afrilun 2013, wasu suka yi kutse a shafin Twitter na kamfanin dillancin labarai na AP, suka rubuta cewa an kai hari Fadar White House, Shugaba Obama ya ji rauni. Ƙarya ce tsagwaronta, amma cikin 'yan mintoci kasuwar hannun jarin Amurka ta yi ƙasa, sai da aka ƙaryata sannan ta farfaɗo.

Na bankin Silicon Valley da ke Amurka ya fi wannan ciwo, domin shi bai farfaɗo ba. Ranar 8 ga Maris na 2023 ya sanar da asarar kimanin dala biliyan 1.8. Yana da nasa laifin, ya zuba kuɗin jama'a a takardun lamuni na dogon lokaci, da aka ƙara kuɗin ruwa sai darajarsu ta faɗi. Amma tsoro ne ya ƙarasa shi. Masu ajiya suka riƙa aika wa juna saƙo, kowa na cewa ka cire naka tun da wuri. Washegari kaɗai aka nemi cire dala biliyan 42, ranar 10 ga wata hukuma ta rufe shi. Ba wanda zai zargi mai gudun asarar dukiyarsa, sai dai babu bankin da ke ajiye kuɗin kowa a akwati yana jira, saboda haka gudun kowa ne ya tabbatar da abin da ake gudu.

Masu bincike a jami'ar MIT sun nuna a 2018 cewa a Twitter ƙarya ta fi gaskiya saurin yaɗuwa, kuma ba na'urori ne suka fi yaɗa ta ba, mutane ne irinmu. Abin da ya ba mu mamaki ko ya tayar mana da rai shi muke fara turawa.

Ba cewa nake a yi shiru ba, ko kusa. A Afrilun 2021 manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa 12 na Turai suka sanar da kafa gasar Super League, wadda waɗanda suka kafa ta za su dawwama a ciki ko sun yi ƙoƙari ko ba su yi ba. Magoya baya suka ce ba su yarda ba, na Chelsea har suka yi cincirindo a ƙofar filin Stamford Bridge. Cikin kwana biyu ƙungiyoyin Ingila shida duk suka janye. Wannan fushi na kan hanya, domin masu shi sun san abin da ake son ƙwace musu, sun kuma kai kukansu ga masu kuɗin da suka ƙulla abin.

Bayan wata uku sai ga wani fushin daban. Ranar 11 ga Yuli, Ingila ta sha kashi a hannun Italiya a wasan ƙarshe na gasar Turai a Wembley, bayan Marcus Rashford da Jadon Sancho da Bukayo Saka sun ɓarar da fanareti. Tun a daren aka cika shafukansu da zagin launin fata. Saka yana ɗan shekara 19 a lokacin. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Yaro ya ɗauki ƙwallo ya ajiye a gaban dubban mutane, ya karɓi nauyin bugun ƙarshe, mai tsaron gida Donnarumma ya tare, sai wani da ke kwance da waya a hannu ya ga shi ne ya dace ya ci masa mutunci. Magana zarar bunu ce, an goge da yawa daga cikin saƙonnin daga baya, 'yan sanda sun kama wasu, amma yaran sun riga sun karanta. Da Saka ya yi magana bayan 'yan kwanaki, ya ce tun a lokacin da ya ɓarar da ƙwallon ya san irin ƙiyayyar da ke jiransa.