Amsoshin Tambayoyinku: Auna Ƙauyen Nesa Kafin a Sayi Fili

Tambayarmu ta gaba ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Zariya, wanda ya ce ya ga ana tallar filaye masu arha a gundumar Costilla ta jihar Kolorado a Amurka, yana kuma son sanin yadda ake auna irin wannan wuri ga mai niyyar ya ci daga gonarsa ba tare da dogaro da kowa ba.

Malam, mun gode da wannan tambaya. Sha'awar tana da tushe a Amurka, domin a 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar da ke mallaka wa mutum eka 160 idan ya zauna ya noma ta shekara 5. An soke dokar a 1976, ban da jihar Alaska inda ta ci gaba har 1986, don haka yau saye ake yi.

Abin da za ka fara tambaya shi ne ruwa. Costilla tana cikin kwarin San Luis, mai tsayin kimanin mita 2,300 daga teku, kuma ruwan da ke sauka a tsakiyar kwarin a shekara bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da Kano ke samu ba. Bugu da ƙari, a Kolorado mallakar ƙasa daban, haƙƙin ruwa daban, kuma wanda ya riga ya fara amfani da ruwa shi doka ke bai wa fifiko, shi ya sa magudanar ban ruwa ta garin San Luis, wadda haƙƙinta ya faro tun 1852, take gaba da kowa. Idan filinka bai kai eka 35 ba, izinin rijiyar da aka saba bayarwa na amfanin cikin gida ne kawai, ba za ka yi ban ruwa ko ka shayar da dabbobi da shi ba. Ko tarar ruwan sama daga rufin gida, sai a 2016 aka halatta wa kowa, shi ma ganga biyu, galan 110 gaba ɗaya. A ganinmu, wannan ne asirin arhar filayen, kuma masu talla ba kasafai suke faɗinsa ba.

Sai kuma sanyi. Lokacin da shuka ke tsira daga ƙanƙara kimanin wata 3 ne, shi ya sa manoman kwarin suka fi noman dankalin Turawa da sha'ir, su ma ta hanyar ban ruwa.

Mutanen gundumar kusan 3,500 ne kacal, babban asibiti kuwa sai an je garin Alamosa da ke wata gundumar, saboda haka ka duba ko hanyar filin tana biyuwa lokacin dusar ƙanƙara. Ka kuma nemi sanin sharuɗɗan gunduma kan izinin gini da ramin ba-haya kafin ka biya ko sisi. Sannan ka sani cewa sayen fili a Amurka ba ya ba mutum biza ko izinin zama.