Darasin Fiziks: Tartsatsin Mai Walda da Kofin Shayi, Wanne Ya Fi Zafi?

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da war haka. 'Yan sakandare masu shirin WAEC da NECO, a matso kusa da rediyo, a ɗauko biro da takarda. Yau Malam ya shigo mana da fulas, da cokali, har da ludayin duma. Malam, barka da zuwa. Shayi za mu sha ne?

Malam: Barka kadai, Malama. Za a sha, amma sai kin biya kuɗinsa da amsa. Kin taɓa wucewa ta gaban mai walda yana yankan ƙarfe da inji, tartsatsi na ta feshi?

Mai gabatarwa: Kullum ma, a bakin layinmu.

Malam: To wannan tartsatsin da kike gani ja wur, idan aka auna shi ya haura digiri 1,000. Yana sauka a hannun mutumin, ko gezau ba ya yi, iyaka ya kare idonsa. Shayin da ke cikin fulas ɗin nan kuwa bai wuce digiri 80 ba. In kofi guda ya kife miki a cinya, yau sai asibiti. Wanne ya fi zafi?

Mai gabatarwa: Kai Malam! In na ce tartsatsi, ka ce shayi ne ya ƙona. In na ce shayi, ka ce ai 1,000 ta fi 80.

Malam: Duk wanda kika zaɓa kina da gaskiya, kuma nan ne ɗalibai suke tuntuɓe. Hausa ta ba mu kalma guda, zafi, muna ɗora mata kaya biyu. Muna cewa "zafin jikinsa ya kai 39", muna kuma cewa "zafin murhu ya shiga tukunya". A fiziks waɗannan abubuwa biyu ne daban, ma'auninsu ma daban. Saboda haka mu yi yarjejeniya a shirin nan. Abin da ma'aunin likita yake nunawa, wanda littafinku yake kira tamfareca, za mu ce masa matakin zafi. Idan na ce zafi zalla, ina nufin makamashin da yake tashi daga wani abu ya shiga wani.

Kowane abu, ruwa ne ko ƙarfe ko iska, ƙananan ƙwayoyi ne suka haɗu suka yi shi, kuma ba sa zama wuri ɗaya, kullum cikin motsi suke. Matakin zafi yana gaya mana irin ƙarfin wannan motsi idan aka raba daidai a kan kowace ƙwaya. Bai damu da yawansu ba. Ludayi ɗaya na kunu da tukunyar da aka ɗebo shi matakinsu ɗaya. Shi kuwa zafi, sai an sami abu biyu masu mataki daban sun haɗu sannan ake maganarsa. Kamar kuɗi ne, Malama. Wanda ke kwance a asusunki ajiya ce. Sai ya tashi daga wajenki zuwa wajena ake ce masa taransifa. Ajiyar ita ce makamashin cikin abu, taransifar ita ce zafi, kuma da jul ake ƙirga ta.

Mai gabatarwa: Allah ya sa dai taransifar ta juyo wajena.

Malam: Ai ba ta juyowa sai in matakina ya fi naki. Ruwa ba ya duba yawa, gangare yake bi. Bokiti ɗaya a kan soro zai zubo cikin tafki, tafkin da duk girmansa ba zai hau soro ba.

Yanzu a rubuta wannan, don shi ne lissafin da ba ya ɓacewa a jarrabawa. Zafin da abu ya karɓa ko ya bayar daidai yake da nauyinsa, sau wata lamba da kowane abu yake da tasa, sau canjin matakin zafi. A littafi za ku ga Q = mcΔT. Wannan c ɗin ita ce yawan jul da kilogiram ɗaya yake ci kafin ya hau digiri ɗaya. Ta ƙarfe wajen 450 ce. Ta alminiyom, irin tukwanen dalma na gidajenmu, wajen 900. Ta ruwa 4,200. Ruwa akwai ci, ya ninka ƙarfe sau tara da 'yan kai.

Mu koma wajen mai walda. Mu ƙaddara tartsatsi ɗaya nauyinsa miligiram ɗaya ne, wato kilogiram 0.000001, kuma ya huce da digiri 1,000 cur a kan fata. 0.000001 sau 450 sau 1,000. Malama, nawa kika samu?

Mai gabatarwa: Bari in danna a waya... 0.45.

Malam: Ko rabin jul bai cika ba. To ga shayi. Kofi guda, mu ce kilogiram 0.25, ya sauko daga 80 zuwa 37, matakin jikin mutum. Bambancin 43. 0.25 sau 4,200 sau 43, jul 45,150. Ya ninka na tartsatsin sau dubu ɗari. Tartsatsi kamar baƙo ne mai babbar riga da aljihu wayam.

Mai gabatarwa: To cokali da ludayin fa, me suka zo yi?

Malam: Tun safe suna kan teburin nan, na'urar sanyaya ɗaki tana kaɗa su tare. Taɓa kowanne.

Mai gabatarwa: Cokalin ya fi sanyi, nesa ba kusa ba.

Malam: Hannunki ne ya yaudare ki. Abubuwan da suka daɗe a wuri ɗaya matakinsu yana daidaita, in kin sa ma'auni lamba ɗaya za ki gani. Fata ba ta iya auna mataki, abin da take ji shi ne saurin da zafi yake fita daga gare ta. Ƙarfe yana zuƙe zafin yatsanki ya wuce da shi nan take, duma kuwa yana riƙe shi a inda kika taɓa. Shi ya sa da asubar hunturu ƙofar ƙarfe take cizo, ta katako ba ta yi. Shi ya sa kuma iyayenmu mata suke tuƙa tuwo da muciyar itace. Wannan daidaituwa ita ce abin da ake kira doka ta sifili a cikin dokokin zafi: in abu biyu kowannensu ya daidaita da wani na uku, to su ma sun daidaita da juna. Da ita ma'aunin likita yake aiki, ana barinsa a hammata ne har ya daidaita da jiki, sannan ya faɗi nasa matakin. An sa mata sifili ne don sai da aka riga aka raɗa wa ta ɗaya da ta biyu suna aka farga cewa ita ce ya kamata ta zo a gaba.

Ma'aunan kansu ba zan daɗe a kai ba. Fahrenheit ya fito da nasa a 1724, ruwa yana daskarewa a 32, yana tafasa a 212, har yau Amurka da shi take aiki. Anders Celsius, mutumin Suwidin, ya kawo nasa a 1742, kuma a kife ya tsara shi, tafasa a 0, daskarewa a 100, daga baya aka juya. Na uku shi ne na William Thomson, wanda aka fi sani da Kelvin, a 1848. Nasa yana farawa ne daga ƙarshen sanyi, inda babu sauran makamashin da za a iya cirewa, wato digiri 273.15 ƙasa da sifili. Ku ƙara 273 a kan Selsiyos kun sami kelbin. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Abu ɗaya kawai, 100 ɗin nan ta tafasar ruwa ta bakin teku ce. A Jos, da yake tudu ce mai tsayin sama da mita 1,200, iska ba ta danna ruwa sosai, sai ya tafasa a wajen 96. Wake ya fi jan rai a can.

Mai gabatarwa: Akwai saƙo daga wata ɗaliba. Ta ce idan ruwa ya tafasa ta ƙara wuta, me ya sa ma'auni ba ya ƙara hawa? Ina zafin yake tafiya?

Malam: Allah ya yi mata albarka, ta taɓo inda nake so. Mu ɗauki butar lantarki mai wat 2,000, wato tana ba da jul 2,000 kowace daƙiƙa. A zuba lita 2, kilogiram 2 ke nan, ruwan yana kan 30. Kafin ya kai 100: 2 sau 4,200 sau 70, jul 588,000. A raba da 2,000, daƙiƙa 294, kusan minti biyar. To a ce butar ba mai kashe kanta ba ce, aka manta da ita. Ruwan zai tsaya cak a 100, yana ta ɓararraka, amma kafin ya ƙone ƙaf sai kowane kilogiram ya ci jul 2,260,000. Lita 2 ke nan jul 4,520,000, wajen minti 38. Kin ga mayar da ruwa tururi ya ci kusan ninki takwas na abin da tafasa shi ya ci, alhali ma'auni ko motsi bai yi ba.

Zafin yana tafiya ne wajen raba ƙwayoyin ruwa da junansu. Suna riƙe da juna ne, sai an ɓamɓare su sannan su tashi. Joseph Black na jami'ar Gilasgo ne ya gano haka wajen 1760, ya kira shi ɓoyayyen zafi, don ma'auni ba ya ganinsa. Ƙanƙara ma haka take, kilogiram ɗaya yana shan jul wajen 334,000 kafin ya narke, yana nan a kan sifili. Dalilin ke nan da mai zoɓo take jefa ƙanƙara maimakon ta ƙara ruwan sanyi. Kuma dalilin ke nan da ƙunar tururi ta fi ta tafasasshen ruwa muni, don idan ya sauka a fata ya koma ruwa, sai ya amayar da duk abin da ya ɓoye. A riƙa buɗe murfin tukunya ta can gefe.

Randar gidanku ma da wannan take aiki. Jikinta yana da ƙananan ƙofofi, ruwa yana tsattsafowa, iska tana ɗauke shi. Kowane ɗigo da ya tashi sai ya biya kuɗin tashi, kuma daga ruwan ciki yake karɓa. Ku lura, ruwan randa ya fi sanyi da rani lokacin da iska ta bushe, da damina kuwa sai a hankali. Kar ku shafa wa randa fenti, kun toshe mata hanci ke nan. Wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya ɗauki wannan hikima ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, tumatir da alayyafo suka riƙa kwanaki ba su lalace ba. Ya ci kyautar Rolex a kan haka a shekarar 2000.

Mai gabatarwa: Lokaci na tafiya, Malam, ga shi ba mu taɓa sauran dokokin ba.

Malam: Mun taɓa su, suna ne ba mu kira ba. Da can masana sun ɗauka zafi wani ruwa ne marar nauyi da ke kwarara daga abu zuwa abu. A 1798 wani masani mai suna Rumford yana kula da huda bindigogin igwa a Munik ta ƙasar Jamus, ya ga muddin dawakai suna juya abin hudar, zafi ba ya ƙarewa, har ya tafasa ruwa da shi ba tare da wuta ba. Daga baya James Joule na Manchesta ya sa nauyi yana saukowa yana juya filafili cikin ruwa, ya auna, ya ga aiki kaza kullum yana ba da zafi kaza. Doka ta ɗaya ke nan: makamashi ba ya ɓata, ba ya kuma fitowa daga babu, kama yake sauyawa. Zafin da aka ba abu, wani ya zauna a cikinsa, wani ya fita a matsayin aiki. Ku taɓa gindin famfon keke bayan an gama ba taya iska, aikin damtsenku ne ya koma ɗumi.

Ta biyu ita ce ta gangaren nan. Zafi da kansa ba ya tashi daga mai sanyi ya hau mai zafi, sai an biya. Firiji yana yin hakan, amma da wutar lantarki, in aka ɗauke ta aikin ya tsaya. Kuma babu injin da zai mayar da duk zafin da ya ci aiki, dole ya zubar da wani. Janaretanku ba lalacewa ya yi ba da salansarsa take ƙuna, yawancin kuɗin fetur ɗinku a zafi suke fita. Sadi Carnot, Bafaranshe, yana da shekara 28 ya nuna iyakar zafin da inji zai iya mayarwa aiki a 1824. Yau ana lissafa ta haka: a raba matakin wajen sanyi da na wajen zafi, a cire daga 1. Inji tsakanin digiri 327 da 27, Malama?

Mai gabatarwa: 27 a raba da 327, a cire daga 1... kashi 92 cikin 100.

Malam: Kin faɗa ramin da na haƙa. Rabin ajina ma a nan suke faɗawa duk shekara. Na ce kelbin zai dawo. 327 ta zama 600, 27 ta zama 300. Rabi ke nan, kashi 50, kuma wannan injin da babu shi ne a duniya, marar gogayya ko kaɗan.

Aikin gida. Ana zafin watan Afrilu, wani ya rufe ƙofa da taga, ya buɗe firiji ya bar shi yana aiki don ɗaki ya yi sanyi. Bayan awa uku, ɗakin ya huce ne ko ya ƙara ɗumi? Kafin ku amsa, ku zagaya ku sa hannu a bayan firijin. Malama, miƙo kofinki, ya sauko yadda zai shawu.