Jawabin Maraba ga Mai Girma Gwamnan Jihar Tawa, daga Shugaban Tarayyar Kwamitocin Kula da Makarantu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai Girma Gwamna, masu martaba sarakunanmu, malaman addini, shugabannin ilimi na jiha, daraktoci da malaman makaranta, iyayenmu mata da maza, muna yi muku barka da zuwa. Ranka ya daɗe, sannu da hanya, sannu da rana. Da sunan kwamitocin makarantun firamare na wannan gari nake yi maka maraba, tare da godiya da ka ware mana wannan lokaci cikin ayyukan jiha mai faɗi irin tamu, wadda ta tashi daga Birnin Ƙonni da Madawa ta kai har Tasara da Tiliya.

Ka zo gidan da abin ya faro. A shekarar 2004, a nan jihar Tawa aka soma gwada sabon tsarin tafiyar da makarantu ta hannun kwamitocin jama'a masu kula da makarantu, waɗanda ake kira COGES, da haɗin gwiwar hukumar JICA ta ƙasar Japan. A 2007 aka bazu da shi ko'ina cikin Nijar, daga baya sunan ya koma CGDES, kuma ƙasashe irin su Senegal da Mali da Burkina Faso suka ɗauki salon. Muna alfahari da haka, domin mutanen Adar ne suka fara nuna cewa manomi da mai talla za su iya zama su tsara aikin makarantar ƴaƴansu.

Kafin wannan tsari, lakwal ta gwamnati ce a idon mutane. In rufin aji ya yaye, a jira hukuma. In alli ya ƙare, a jira hukuma. Abin da ya canza lamarin shi ne zaɓe na sirri. A da, wanda ya fi kowa baki a gari shi ake naɗawa, kuma ba mai iya ɗaga hannu ya ƙi shi a gaban jama'a. Da aka kafa zana aka ce kowa ya shiga shi kaɗai ya jefa ƙuri'arsa, sai ga mutanen da aka yarda da amanarsu sun fito, har da mata masu riƙe da kuɗin kwamiti.

Daga nan sai tsarin aikin shekara. A farkon shekarar karatu ana kiran babban taro, darakta ya karanta halin da makaranta ke ciki: yara nawa aka rubuta, mata nawa ne a ciki, aji nawa ba su da rufi, benci nawa suka karye. Jama'a su lissafa matsaloli, sa'annan a zaɓi waɗanda ƙarfinmu zai iya ɗauka. Wannan zaɓi shi ne mafi wuya, ranka ya daɗe, don kowa na son a ce katanga da rijiya da sabon gini duk a bana. Amma kwamitin da ya rubuta abu goma ya yi biyu, badi ba mai ba shi ko dala. Wanda ya rubuta uku ya cika ukun, shi ne mutane ke sake buɗe wa hannu. Kowane aiki ana sa masa mai shi, da kuɗinsa, da watan da za a gama. Wani ya ba da jika guda, wani damin gero, wani ya ce ba shi da ko ɗaya amma zai zo da jakinsa ya ɗebo ƙasa. Duk ma'aji na rubutawa cikin kaye, da suna da abin da aka kawo, kuma a ƙarshen shekara a karanta shi da ƙarfi a gaban kowa.

Yanzu, in ka yarje mini, zan faɗi inda tsarin namu ke cije wa. Ana komawa makaranta a watan Oktoba. Ajin zana kuwa da karan gero ake yin sa, kara kuma ba ya samuwa sai an gama girbi. Saboda haka yaran da ba su da ajin gini sukan yi makonni suna jira, wasu iyayen ma su ce tunda ba aji, gara yaro ya taya aikin gona. Da an gama girbi kuma mazan Adar da yawa su kama hanyar ci-rani, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu Najeriya. Taron da aka makara ba a yi ba, sai ka tarar tsofaffi ne da uwaye kawai a ciki. Ina jinjina wa ƙungiyoyin uwaye a nan, domin su ne ke bi gida-gida suna tambayar dalilin da yarinya ta daina zuwa.

Ajin zanan nan ba jinkiri kaɗai yake kawowa ba. Ba mu manta da gobarar Yamai ta watan Afrilu 2021 da ta Maraɗi ta watan Nuwamba 2021 ba, inda ƙananan yara da yawa suka rasu cikin irin waɗannan azuzuwa. Allah ya jiƙansu. Duk uban da ya ɗaura zana da hannunsa don ɗansa ya yi karatu, da fargaba yake ɗaurawa.

Abin da muke roƙo bai fi ƙarfin ofis ba. Muna so mu san tun cikin damina malamai nawa za a turo wa kowace makaranta, kuma a wace unguwa za a yi ginin bana. Sau da yawa kwamiti kan yi wahalar kafa aji, malami bai zo ba sai an ci rabin zango. Wani wurin kuma malami ya iso ba inda zai tsaya. Su ma ofisoshin ba da gangan suke yi ba, kowa na tsara nasa ne bai ga takardar ɗan'uwansa ba. Hausawa na cewa tun ran gini tun ran zane. In aka sa zama guda a shekara kafin hutu ya ƙare, tsakanin masu rabon malamai da hukumar gari da tarayyar kwamitoci, rabin wannan ɓarna za ta kau.

Muna kuma roƙon a riƙa maimaita horo bayan kowane zaɓe. Waɗanda aka koya wa aikin a farko sun tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Sabon ma'aji na da amana, amma ba wanda ya nuna masa yadda ake raba shafin shiga da na fita, kuma ƙaramin kuskure a lissafi kan jawo zargin da ke wargaza kwamiti.

Ranka ya daɗe, mun shimfiɗa tsare-tsaren makarantunmu na bana a kan teburin can, da kayen ma'aji kusa da kowanne. Bayan an sha ruwa muna so ka duba su, sa'annan mu zaga da kai ka ga azuzuwan.

Allah ya taya ka riƙo, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka, ya mai da kai gida lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.