Launin da ke cikin manja, karas da gwaiduwar ƙwai

Ku dubi manjan nan da ke narkewa a tukunya. Ga karas, ga kabewa an yanka, ga mangwaro ya nuna. Dangi ɗaya ne na sinadarai ya ba su launi, masana suna kiransu karotinoyid. An gano fiye da iri 600, daga rawaya zuwa ruwan goro har zuwa ja wur. Wani Bajamushe mai harhaɗa magunguna, Heinrich Wackenroder, shi ya fara tsamo ɗaya daga jikin karas a 1831.

Tsirrai da gansakuka ne manyan masu ƙera su. A cikin ganye suna taya kama hasken rana, suna kuma kare shi idan hasken ya yi yawa. Zogale da alayyahu cike suke da su, koren ganyen ne kawai ya rufe su. Shi ya sa ganye in ya fara bushewa sai rawaya ta fito, da ma tana nan.

Mu da kaji da tsuntsaye ba ma iya ƙera su, sai dai mu ci. Kazar da ta sha masara rawaya da ɗanyen ganye, gwaiduwar ƙwanta takan yi jawur. Tsuntsun filamingo na tafkunan Kenya da Tanzaniya da gashi ruwan toka ake ƙyanƙyashe shi, gansakukar da yake ci ce ke mayar da shi ruwan hoda.

To, ga inda maganar ta shafe mu. Akwai guda mai suna bita-karotin. Idan ya isa hanji, jiki yakan tsaga shi ya mayar da shi bitamin A, wanda ido ke bukata don gani a duhu. Yaron da ya rasa shi, da magariba ta yi sai ka ga yana lalube, yana tuntuɓe. Dundumi ke nan. Idan abin ya yi nisa, idon yakan bushe ya lalace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara 250,000 zuwa 500,000 ke makancewa duk shekara saboda ƙarancin bitamin A, rabinsu kuma ba sa cika shekara guda bayan haka. Abin takaici ne matuƙa, domin kariyar tana kan teburin mai kayan miya.

Ba duka ne ke komawa bitamin A ba. Laikofin na tumatir da kankana ba ya komawa. Lutin kuwa yakan taru ne a can cikin ido, daidai wurin da gani ya fi kaifi.

Uwargida, wannan taki ce. A mai suke narkewa, ba a ruwa ba. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa ya fi ganyen da aka dafa haka nan amfani a jiki. Manja kuma, idan aka bar shi a wuta yana hayaƙi har ya yi fari, karotin ɗin ya tafi tare da jan.

Masu binciken noma ma sun shigo ciki. A 2011 Najeriya ta fitar da rogo mai rawayan ciki, aikin cibiyar IITA da ke Ibadan da cibiyar binciken saiwoyi ta Umudike. Akwai kuma dankalin Hausa mai ciki ruwan goro, wanda ya dace da kunun yaye.

Sai dai a yi hattara da ƙwayoyin kanti. Wani bincike a ƙasar Finland da aka wallafa a 1994, kan maza kusan 29,000 masu shan taba, ya nuna cewa waɗanda aka ba ƙwayar bita-karotin sun fi kamuwa da kansar huhu. Ba a ga haka daga abinci ba.

Yaron da ya yawaita karas ko gwanda, tafin hannunsa na iya yin rawaya, kuma yakan washe da kansa. Ku duba farin idonsa. In shi ma ya yi rawaya, alamar shawara ce, ku garzaya da shi asibiti.