Strata-East: Kamfanin Faifai Da Makaɗa Suka Kafa Da Kansu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ina unguwar East Village a birnin New York, kuma wannan layin da nake takawa sunansa East 3rd Street. A nan gidan rawar Slugs' yake a da, wani ɗan matsattsen wuri da manyan makaɗan jazz suka yi ta kwana suna busa a cikinsa har zuwa 1972 da aka rufe shi. A watan Mayu na 1970 wata ƙungiya mai suna Music Inc. ta naɗi wasanta a ciki, kuma mutum biyu daga cikinta ne suka sa na ɗauko kyamara yau: Charles Tolliver mai busa ƙaho, da Stanley Cowell mai kaɗa fiyano.

Su biyun sun yi aiki a ƙarƙashin Max Roach, gwanin ganguna, wanda tun 1952 shi da Charles Mingus suka kafa nasu kamfanin faifai mai suna Debut. To ka ga, sun taso a gaban wanda ya riga ya gwada. A ƙarshen 1970 suka tara babbar tawagar mabusa, suka shiga situdiyo da kuɗin aljihunsu. Da aiki ya kammala suka ɗauki tef suna zagaya kamfanoni, ba wanda ya karɓa. Lokacin kiɗan rock ya cinye kasuwa, kamfanoni sun ja baya da jazz. Sai suka ce to, mu buga abinmu. A 1971 faifan ya fito a ƙarƙashin sabon kamfaninsu mai suna Strata-East. Sunan kuwa daga Detroit ya samo asali, inda Kenny Cox, wani makaɗin fiyano, yake da ƙungiyar makaɗa mai suna Strata. Su kuma suna gabas, sai suka ƙara East.

Yanzu ku ba ni hankalinku, don nan ne zancen yake. A al'adar kasuwar, kamfani ne ke biyan kuɗin situdiyo, sannan ya cire kuɗin nan daga ɗan kason makaɗi, kuma bayan duk an cire, uwar tef ɗin, wato tef na asali da ake buga faifai daga gare shi, ta kamfani ce har abada. Kai ka yi busa, kai ka biya a fakaice, amma wani ne mai kaya. Wannan abu yana ci mini rai duk lokacin da na tuna shi. Tolliver da Cowell suka juya tsarin. Kai makaɗi ka naɗi kiɗanka yadda kake so, ka kawo tef a gama. Su za su kai a buga faifai, su raba wa dillalai, su ɗauki ɗan kaso na gudanar da ofis, kaso mafi tsoka ya koma hannunka, uwar tef kuma taka ce. Ba mai ce maka ka gajarta waƙa don rediyo.

Na shigo wani shagon tsofaffin faifai, mai shagon ya yarda in nuna muku wannan. Ku duba gefen kwalin yadda ya goge ya yi fari saboda shiga da fita daga kanta, ga zoben da faifan ya bari a jikin takardar. Faifan Izipho Zam ne na Pharoah Sanders, mai busa saksafon. An naɗe shi a 1969, ya zauna a ajiye har 1973. Clifford Jordan, mai busa saksafon, shi ya shirya shi, kuma shi ya kawo wa Strata-East tarin naɗe-naɗen da ya yi ya rasa mai fitarwa. Shekara huɗu kiɗa irin wannan yana kulle a akwati!

Da ƙofa ta buɗe, abubuwan da suka shigo sun ba da mamaki. Akwai Piano Choir, makaɗan fiyano bakwai suna kaɗawa lokaci guda. Wane babban kamfani ne zai zuba kuɗinsa a wannan? Akwai Capra Black na Billy Harper. Akwai Marchin' On na 'yan'uwan nan Heath Brothers, inda Cowell ya kaɗa mbira, ɗan kayan kiɗan Afirka da ake taɓawa da manyan yatsu, kuma daga nan aka yanko sautin da ke ƙarƙashin waƙar One Love ta mawaƙin rap Nas a 1994. A shekarun 1970 kaɗai faifan Strata-East ya haura hamsin.

Wanda ya fi kasuwa shi ne Winter in America na Gil Scott-Heron da Brian Jackson, a 1974, saboda waƙar The Bottle. Amma kasuwa ga ƙaramin kamfani tana zuwa da nata nauyin: masana'antar buga faifai kuɗi hannu take so, dillali kuma sai ya ga dama yake biya. Ga shi masu kamfanin makaɗa ne, da rana lissafi, da dare dandamali. Ba a jima ba Scott-Heron ya koma Arista, babban kamfani, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1970 sababbin faifan Strata-East sun ragu ƙwarai.

Cowell ya rasu a Disambar 2020. Tolliver ne ya ci gaba da riƙe sunan kamfanin, kuma a 2025 aka fara sake fitar da faifan tare da kamfanin Mack Avenue, aka sa da yawa a manhajojin sauraron kiɗa. Ba zan kunna muku a bidiyon nan ba, kiɗan yana da masu shi, kuma ban nemi izini ba. Ku nema da kanku, ku fara da Live at Slugs', wasan nan da Music Inc. ta naɗa a 1970, ku saurari Cecil McBee a kan babbar gurmin nan ta bes da Jimmy Hopps a kan ganguna. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba.