Fita kan keke da yara a Legas: inda haɗarin yake

Mai gida zai hana ɗansa hawa keke a titin Ikorodu, kuma yana da gaskiya. Amma shi ne zai ɗora yarinya 'yar shekara huɗu a kariyar keke, ƙafafunta na lilo, ya ce ai nan kusa ne, cikin layin Agege. To a "nan kusa" ɗin ake yawan jin ciwo.

Mu fara da ƙafar. Diddigen yaro yakan shiga tsakanin wayoyin tayar baya, taya ta juya, fata ta saɓule, wani lokacin har ƙashi ya karye. Kujerar yara ta baya, mai matakin ƙafa da maɗauri, ita ce maganin wannan. Yawancinsu na ɗaukar kilo 9 zuwa 22. In yaro ya wuce haka, ya hau nasa keken. Kuma takalmi mai rufi, ban da silifas. Dogon hijabi ko babbar riga a tattare, don sarƙa na iya cafke su.

Hular kwano ta zauna daidai a goshi, yatsa biyu sama da gira, igiyar haɓa kuma yatsa ɗaya kawai ya shiga. Wadda ta taɓa buguwa da ƙasa da ƙarfi ta gama aiki, ko da ba ka ga tsaga ba.

Sai danfo, ƙananan bas ɗin haya na Legas. Direba na hango fasinja zai karyo dama ba sigina, kuma dama ɗin nan ita ce hanyar mai keke. Don haka in yaro na kan nasa keken, shi a gaba, kai a bayansa, ka ɗan matso hagu yadda mota za ta fara ganinka. Kada ku ratsa tsakanin danfo da bakin titi, balle tirela, wadda direbanta ba ya ganin abin da ke gefensa. Motar da ke fake, ku ba ta tazarar mita ɗaya saboda ƙofa.

Da damina kuwa, ruwan da ya kwanta na iya ɓoye buɗaɗɗiyar kwata, birki ma ba ya kamawa da wuri in ya jiƙe. Ku sauka ku tura.

Kafin fita, matsa birkin gaba da na baya, ka tabbatar yatsun yaron na kaiwa gare su. In an yi haɗari, lambar gaggawa a Legas 112 ce ko 767.