Jarrabawa Ta Riga Aji Shiga Kwamfuta

Assalamu alaikum. Shugaban taro ya ce in taɓo abubuwa uku game da fasahar zamani da manufar ilimi ta ƙasa, wato jarrabawa, da horar da malamai, da kayan karatu.

Bari mu fara da jarrabawa. Hukumar JAMB mai shirya jarrabawar shiga manyan makarantu a Najeriya, wadda aka kafa a 1978, ta shafe fiye da shekara talatin tana amfani da fensir da takarda kafin ta gwada kwamfuta a 2013, sannan daga 2015 ta rufe ƙofar takarda gaba ɗaya. Ban raina wannan aiki ba, domin sakamakon da a da ake jira makonni yanzu yana fitowa cikin 'yan kwanaki. Amma ina roƙonku ku dubi yaron da ya baro ƙauyensu tun da asuba zuwa cibiyar jarrabawa a birni, aka ɗora yatsansa a na'urar tantancewa, aka zaunar da shi gaban allo da tambayoyi 180 da awa biyu, alhali ranar ce ya fara taɓa kwamfuta a rayuwarsa. Ya san amsar, jama'a, ya san amsar, hannunsa ne yake rawa. Gaskiya ne an rage masa wahala, tunda harafi kawai zai danna: A zuwa D domin amsa, N ya wuce gaba, P ya koma baya. Duk da haka minti goman farko a tsoro suke tafiya, shi kuwa ɗan makarantar kuɗi da ke gefensa ya riga ya yi nisa. Malaman da ke murmushi a can baya, ku yi a hankali, da yawanmu 'ya'yanmu ne suke duba mana saƙo a waya.

Abin da nake nufi shi ne mun kai kwamfuta ɗakin jarrabawa kafin mu kai ta aji. Manufar ilimi, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta daɗe da sanya darasin kwamfuta a manhaja, amma akwai makarantun da malami yake zana kwamfutar da alli a kan allo. Wannan ya haɗa da batu na biyu, wato horar da malamai, domin malamin shi ma ba a horar da shi ba.

Wata Hajiya daga cikin masu sauraro tana tambaya: ina amfanin wannan duka inda babu wutar lantarki? Tambayar ta fi laccar. Ranki ya daɗe, lokacin da aka rufe makarantu a 2020 saboda korona, jihohi irin su Kano da Kaduna ta rediyo suka riƙa ba da darasi, domin rediyo batir biyu yake buƙata, kuma ya riga ya shiga kusan kowane gida. Saboda haka ni da za a nemi shawarata, kafin a sayi kwamfuta ɗaya a fara kafa sola a rufin makarantar, a kuma rubuta kuɗin gyaranta a kasafin kowace shekara.